Kaset ɗin da ya kai ni wankin tumbi

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Litinin, bayan an idar da la'asar, aka aiko in je zauren surukina Alhaji Bawa mahauci, a nan Zongon Kwatano. Waɗanda na tarar su ne: shi Alhaji a kan buzunsa, Zabiya Kande mai waƙar biki a bakin ƙofar cikin gida, da Sidi direba yana juya makullin motarsa a yatsa. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da wannan zama ne saboda samarin da ke zuwa wurina yanzu da kwamfuta a jaka. Tambayarsu ɗaya ce kullum: "Baba Usman, wane abin kunne zan saya mai araha, ko wace lasifika, in riƙa haɗa waƙa a ɗakina?" Suna so in faɗi suna ɗaya su tafi kasuwa. Zan ba da amsa, amma bi da bi, kuma sai an ji yadda na samo ta.

Lokacin ba a daɗe da barin mulkin jam'iyya ɗaya ba, zazzaɓin zaɓe ya kama kowa. Har ƙungiyar mahautan unguwarmu, wadda dattawa ke naɗa wa shugaba a zama ɗaya, ta ce ita ma sai an kawo akwati. Mutum biyu suka fito, surukina da wani Alhaji Ɗanladi. An sa zaɓe ranar Lahadi mai zuwa.

Alhaji bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba tun da na auri 'yarsa Rabi. Don haka ya dubi Sidi.

"Sidi, gaya wa mijin Rabi ina son kaset. Kande za ta yi waƙa, motarka za ta zaga da ita ranar Juma'a."

Sidi ya juyo ya ce, "Ka ji."

Na ce, "Na ji."

"Gaya masa shekara biyu ke nan yana danne-danne a ɗakin da na ba shi, ban ga abin da ya fito ba. In kaset ya yi, ɗakin nasa ne, kuma na yarda sana'a ce. In bai yi ba, akwai gurbi a rumfata wajen wankin tumbi."

Kande ta yi dariya ta ce, "Alhaji, ai yaron nan hannunsa na waya ne, ba na baho ba."

"Gaya mata hannu yana koyo."

Kafin in ci gaba, dole a san ni ba shigar burtu na yi wa aikin ba. Shekara bakwai na yi a unguwar Jonke ina koyon gyaran rediyo a hannun wani dattijo, Fofo Kosi. Shekara biyun farko shara na yi da tsince sukurori. A ta uku ya ba ni ƙarfen narka dalma. Dokarsa ɗaya ce: in ka gyara rediyo, kada ka gwada shi da kiɗa, domin kiɗa yana rufa wa mugun aiki asiri. Ka jira lokacin labarai. In muryar mai karantawa ta fito kamar yana zaune a shagon, rediyo ya gyaru. Na haddace wannan doka, kuma za ku ga ranar da na ajiye ta a gida na tafi kasuwa.

Kayan aikina a lokacin su ne na'urar kaset mai layi huɗu da na saya ta hannu wurin wani malamin mawaƙan coci, makirfo biyu, da tsohuwar katifa da nake jinginawa a taga. Lasifika babu. Na taɓa samun manya guda biyu, amma bangon ɗakina shi ne bangon ɗakin Alhaji. Ranar da na fara kunna su, aka aiko mini cewa gidan nan ba mashayar Jonke ba ce. Washegari na mayar da su. Tun daga nan nake aiki da wani ɗan abin kunne wanda gefensa ɗaya ya mutu, na saba jin komai da kunne ɗaya. Sai na ga aikin suruki ya wuce a yi shi da mataccen abu.

Ranar Talata da hantsi na hau zemi, wato babur ɗin haya, zuwa kasuwar Tokpa-Hoho. Mai rumfar kayan wuta ya ɗauko mini iri biyu da kuɗina zai iya kaiwa. Na farko ruwan toka ne, siriri, babu ado. Da na sa shi na ji murya a bushe, har numfashin mawaƙi ana ji. Ban so shi ba. Na biyu baƙi ne, ƙato, da jan soso mai laushi. Mai rumfa ya sa mini wani kaset nasa wanda ganga ke tasowa daga kunnen hagu, ta bi ta tsakiyar kai, ta fita ta dama.

Ya ce, "Patron, ka ji? Wannan na manya ne. Wancan na masu sauraron wa'azi ne."

A wurin nan na yi kuskure uku a tsaye. Na farko, na gwada da kaset ɗinsa, ban je da nawa ba. Na biyu, na gwada da kiɗa, ban gwada da magana ba. Na uku, na zaɓi wanda ya faranta mini rai, na bar wanda ya gaya mini gaskiya. Na rataya jan soson a wuya na dawo Zongo, ina tafe ina amsa gaisuwa kamar matuƙin jirgin sama.

Ranar Laraba aka ɗauki waƙa. Kande ta zo da 'yan amshi huɗu da mai kalangu. Na kashe fanka, na jingina katifa, na rufe ƙofa. Mutum bakwai a ɗakin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Na miƙa wa Kande abin kunnen don ta ji muryarta.

Ta ce, "A kan wannan ɗaurin? Ka san tun yaushe nake gaban madubi? Riƙe abinka, ɗana. Na san muryata tun ba a haife ka ba."

Sau biyar muka yi. Na farko zakara ya shiga ciki. Na biyu wata 'yar amshi ta yi atishawa. Na uku mai kalangu ya ce fatarsa ta saki saboda gumi, sai da aka kai ta rana. Na huɗu aka ɗauke wuta. Na biyar ya yi, kuma har gobe ina cewa waƙar ta yi kyau. Tsarinta mai sauƙi ne. Kande ta kira suna: "Alhaji Bawa na Zongo!" Mata su amsa: "Shi muke so, shi za mu zaɓa!" Can gaba ta yi tambaya: "Mahautan Zongo, wa ke bayan Alhaji Bawa?" Su amsa: "Mu duka!" Ta ce: "Wa ya taɓa cin alherinsa?" Su ce: "Mu duka!"

Ranar Alhamis na zauna haɗawa. A jikin na'urar kowane layi yana da wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, ya tura murya hagu ko dama. Shekara biyu ban taɓa shi ba, tunda kunne ɗaya nake aiki da shi. Ranar nan, da sabon abin kunne a kaina, na murɗa Kande gaba ɗaya zuwa hagu. Na murɗa 'yan amshi gaba ɗaya zuwa dama. Kalangu na bar shi a tsakiya. Wallahi sai na ji kamar ina zaune a tsakiyar filin biki, zabiya a wannan gefe, mata a wancan. Na kira Rabi na ɗora mata.

Ta saurara ta ce, "Kai, kamar tana bayan kunnena." Ta cire, ta juya shi a hannu. "To su mahautan, kowa za a raba masa irin wannan ne?"

Na ce mata ta koma wajen tukunyarta, wannan magana ce ta masu aiki.

Yanzu ku natsu, nan ne gaɓar. Kaset irin wannan hanya biyu yake fitar da sauti, ta hagu da ta dama. Motar Sidi a-kori-kura ce, an ɗaure mata lasifikar ƙaho guda ɗaya a kan rufi. Ƙaho ɗaya hanya ɗaya yake ɗauka. Wayar da Sidi ya jona ta dama ce. Ni ban tambaya ba, ban je na duba motar ba, ban gwada kaset ɗin a kan komai ba sai jan soson nan.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ya fito da babbar riga, mutanensa sun kewaye shi. Sidi ya ɗaga gilashi, ya danna kaset, ya ja mota. Kalangu ya tashi, ras. Sai wurin da Kande za ta kira suna ya zo, ba a ji kowa ba. Sai mata suka ɓarke: "Shi muke so, shi za mu zaɓa!" Kalangu. Shiru. "Shi muke so, shi za mu zaɓa!"

Wani dattijo a gefena ya ce, "Wa suke so?"

Na bi motar da gudu ina ɗaga hannu. Sidi ya hango ni a madubi, ya ɗago mini hannu shi ma, ya ƙara wuta.

Mota ba ta sha kwana biyu a titi ba mutanen Alhaji Ɗanladi suka gane abin da Allah ya kawo musu. Suka tari zemi wajen goma suka bi bayan motar. Duk inda gurbin ya zo, sai su haɗa baki: "Alhaji Ɗanladi!" Sai matanmu, da ƙahonmu, da man motarmu, su amsa: "Shi muke so, shi za mu zaɓa!" Haka aka zaga Zongo sau uku. Sidi yana ciki da gilashi a rufe, ba ya jin komai sai rugugin rufi. Yana ganin jama'a a madubi suna ƙaruwa, sai ya rage gudu don kada a bar kowa a baya.

Kafin magariba aka sake kirana zaure.

"Sidi, tambaye shi, ni ne surukinsa ko Ɗanladi?"

Na yi bayanin hagu da dama, kaina a ƙasa. Na ce a ba ni zuwa azahar ɗin Asabar, zan sake haɗawa.

Sidi ya ce, "Wace irin azahar? Ba ka ce Kande tana cikin ɗaya wayar ba? Sai in cire wannan in sa waccan."

Na ce, "Sidi, don girman Allah kada ka taɓa wayar nan."

Ya ce, "To, injiniya."

Ranar Asabar da sassafe na rufe ƙofa na sa abin kunne na hau aiki. Wannan soso yana da wani hali da ban lura da shi ba a kasuwa, yana toshe duniya gaba ɗaya. Don haka ban ji tashin mota ba. Sidi ya ga bai kamata a yi asarar safiya ba, ya juya waya, ya nufi rumfunan nama inda masu ƙuri'ar suke tsaye da wuƙaƙensu. Wannan karon sunan ya fito tsaf. Kande ta cika kasuwa da murya: "Mahautan Zongo, wa ke bayan Alhaji Bawa?" Kalangu ya yi ta bugawa shi kaɗai. Babu wanda ya amsa. "Wa ya taɓa cin alherinsa?" Shiru. An ce mahauta sun ajiye wuƙa suna riƙe ciki. A zagaye na biyu ba su bar gurbin ya tafi a banza ba, suka riƙa amsawa da kansu: "Ba mu gani ba!"

Kande ce ta buge ƙofata da ƙafa. Ɗaurin nan ya karkace.

"Kai, mijin Rabi! Tun ina budurwa nake waƙa, ko a gidan makoki ban taɓa yin kira an bar ni ba amshi ba. Ina ka kai mini matana? Huɗu na kawo maka, da ƙafafunsu!"

Na ce, "Inna, suna ɗaya wayar."

"To shiga ka fito da su!"

Na gama gyara kafin azahar. Na ciro 'yar lasifika daga wani mataccen rediyo, na zaunar da ita a gwangwanin madara, na dawo da kowace murya tsakiya, na saurara a hankali. Kowa ya fito. Amma Alhaji ya riga ya karɓe makullin mota ya sa a aljihu. Wannan kaset na biyu, wanda shi ne mafi kyawun aikin da na yi a shekarun nan, babu wanda ya taɓa jin sa sai ni da Rabi.

Ranar Lahadi Alhaji Ɗanladi ya ci zaɓe. Ranar Litinin bayan asuba na buɗe ƙofa na tarar da baho, da wuƙar kankare tumbi, da tsohuwar riga. Ɗakin aiki kuwa an sa masa kwaɗo.

Shekara guda na yi a bayan rumfar nama. Ga tsarin aikin, don kada wani ya raina shi: a zazzage tumbi, a ɗauraye, a tsoma a ruwan zafi daidai, a kankare, a bi kowane lungu da yatsa, a sake ɗaurayewa. In ruwan ya yi zafi da yawa ya dafe, in bai yi ba baƙin ba ya fita. Warin yana bin mutum har masallaci, sahu ya riƙa buɗewa a gefensa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Shi muke so!" Alhaji Ɗanladi da kansa ya zo har gaban bahona ya yi mini godiya a gaban jama'a, ya ce ko ɗan cikinsa bai yi masa irin wannan hidima ba.

Amma a wannan shekara na koyi abin da shekara bakwai a Jonke ba su koya mini ba. Hannuna yana cikin baho, kunnena yana kasuwa. Kowace rumfa da rediyonta a rataye a ƙusa. Wannan an ɗaure shi da roba. Wancan lasifika biyu gare shi amma ɗaya ta mutu tun tuni, mai shi bai ma sani ba. Mai shayi ya sa nasa a cikin kwali. Ga saran ƙashi, ga hon ɗin zemi, ga masu ciniki da yaren Fon da Yarbanci da Hausa. Na ga 'yan mata biyu sun raba abin kunne ɗaya, kowace da gefe guda, suna tafe suna rausaya kai. Na ce a raina, da kaset ɗina ne, da ɗaya tana jin tambaya, ɗaya tana jin amsa. A duk Zongo ni kaɗai ne na taɓa zama a ɗaki shiru da soso a kunnuwa biyu, kuma don wannan mutum ɗaya na haɗa waƙar.

Ba afuwa ce ta fid da ni ba. Ban iya aikin ba ne. Ina yaga tumbi, ina barin yashi a lungu. Wata mai tuwo da ta shekara ashirin tana saye a rumfar ta zo ta ce wani ya kusa karya haƙori a miyarta. Da yamma aka kira ni zaure.

"Sidi, gaya masa ya koma ɗakinsa. Kaset in ya lalace kunya ce kawai. Tumbi kuwa mutane ke ci."

Sidi ya ce, "Ka ji."

"Gaya masa na yarda da lasifika ɗaya, wadda ba ta fi muryar mutum ba."

Da wannan lasifika ɗaya na yi aikin bukukuwa da na Maulidi da na 'yan talla har kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, aka koma waya. Kande ta yi shekara uku ba ta amsa gaisuwata kafin ta dawo, kuma duk ranar da ta zo sai ta ƙirga matanta da kunne kafin ta bar ɗakin.

To ga amsarku, samari. Na farko, in za ku sayi abin kunne, ku ɗauki muryar wani na gida a waya, uwa ko mata, wadda kuka sani ko cikin barci. Ku gwada da ita. In ta fito da kauri kamar ta limami, ku ajiye. Na biyu, kada ku yarda mai rumfa ya sa muku kiɗansa. Na uku, wanda ya fi daɗi a kasuwa shi ne zai fi cutar ku a ɗaki, domin yana ƙara wa aikinku abin da babu shi a ciki. Ku ɗauki busasshen, wanda ke tona asiri. Na huɗu, ku duba waya ko za ta gyaru in ta tsinke, kuma ku sani danshin Kwatano yana cinye soso kafin damina biyu, nawa jan nan ma haka ya ruɓe. Lasifika kuwa ba sai manya ba. Ƙanana biyu marasa rugugi sun isa, da wata ɗaya mummuna a gefe, wadda ta yi kama da abin da mutane ke da shi. Na ƙarshe, kafin ku miƙa aiki, ku cire wayar hagu ku saurara har ƙarshe, ku mayar, ku cire ta dama ku saurara har ƙarshe. Sannan ku je da ƙafarku ku ga abin da za a kunna shi a kai. In mota ce, ku ga direban.

Saura magana ɗaya. Ban san yadda aka yi ba, amma wani ya kwafi gefen 'yan amshin nan tun a wancan lokaci, kuma yanzu ya shiga wayoyi. Ina jin sa a suna, ina jin sa a biki, ana kunnawa ana cusa sunan ango a gurbin. Makon jiya wani ɗan zemi ya wuce da shi ta layinmu, yana kiran sunan kansa. Alhaji ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma kunnensa lafiya lau. Ya ɗaga kai ya ce a nemo masa Sidi.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma yana da abin nan a wayarsa, ya goge shi. In ba zai goge ba, to ya kashe tun daga kwanar mai shayi har ya wuce ƙofar gidanmu. Na haura sittin, bayana ba zai ƙara ɗaukar sunkuyon baho ba.